Buhun da Ke Bayan Ƙyaure

Ni mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Idan na shiga gidan mutane na tarar kalanda ta jirkice a bango, ba na jin gaisuwar da ake yi mini sai na miƙe na daidaita ta. Matata takan ce da ana biyan mutum ladan shisshigi, da tuni na bar kasuwar hatsi. Wannan halin ne ya hau da ni tsani kwana uku a jere a zauren gidanmu na Jibiya, ina kokawa da wata 'yar kyamara, kuma abin da ya biyo baya har yau bai sake ni ba.

Daga Maraɗi na sayo kyamarar, a shekarun da barci ya fara yi wa mutanen garinmu wuya. Mutanen daji sun matsa wa ƙauyuka, kullum sai mummunan labari ya zo daga wajen Farfaru ko Bugaje, kowa a gari yana ƙara wa ƙofarsa sakata. Wasu suka ɗaga katanga, wasu suka ajiye karnuka duk da ƙyamar da suke yi musu. Ni kuwa da nake ganin kaina wayayye, sai na tsallaka iyaka na dawo da kwali a bayan babur. Mai shagon da ya sayar mini, wani mai gyaran rediyo, ya biyo ni har gida. Ya kafa faifan sola a kan rufi don kada ɗaukewar wuta ta kashe ta, ya ja waya zuwa ɗakina, ya ajiye mini ɗan allo a kan tebur. Ita kyamarar ya maƙala ta a kusurwar zaure, sama da ƙofar shiga cikin gida, tana kallon ƙofar waje.

To a wannan zauren akwai wani abu da ya girme ni. Tun zamanin mahaifina, bayan an fitar da zakka da kaka, akan ware buhun gero ɗaya a jingine shi bayan ƙyauren waje, baki a kwance, da tiya a ciki, wato kwanon da muke awo da shi. Ƙofar cikin gida ce ake kullewa da dare. Ta waje turawa kawai ake yi. Duk wanda gidansa ya wayi gari babu abin ɗorawa a wuta, kuma bakinsa ya yi masa nauyin roƙo, ya san inda buhun yake. Zai zo kafin assalatu, ya ɗiba, ya ja ƙyauren ya tafi. Ba a taɓa sanar da wannan a masallaci ba, amma babu wanda bai sani ba a unguwa. Da mahaifina ya rasu, Inna, mahaifiyata, ta ci gaba da cika buhun. Ita ce ma take shafa wa ƙyauren man gyaɗa a gindi don kada ya yi ƙara ya tona mai shigowa.

Ni ban taɓa son tsarin ba, gaskiya ɗaya ce. Ina saurayi aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, ina cikin waɗanda suka cika bayan a-kori-kura zuwa Katsina muna kabbara har murya ta dushe. Daga nan aka shiga zamanin kwamiti, ni ma na samu kujera a na zakkar unguwarmu, inda na koyi cewa ba a ba mutum sai an bincika an tabbatar mabuƙaci ne. Na dawo gida da wannan ilimi yana yi mini ƙaiƙayi. Na sha ce wa Inna, wa ya sani ko mai ɗibar nan kasuwa yake kaiwa? Wa ya sani ko mutum ɗaya ne yake kwashewa ya bar sauran?

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona idan tana yi mini magana. Sai ta dubi bango ta ce, "Ubanka bai taɓa tambaya ba. Kai mi ya dame ka?"

Ranar da aka kafa kyamarar, Inna ta fito ta tsaya tana kallon mai gyaran rediyo a kan tsani. Da ya tafi ta tambayi matata, ba ni ba, ko abin yana gani cikin duhu. Na amsa daga inda nake na ce ai don duhun aka saye shi. Ta juya ta koma ɗaki.

Sai dai abin bai gani ba. Da rana hoton tangaran yake, har ƙudan da ya sauka a bakin buhu kana iya ƙirga shi. Amma da duhu ya yi, wasu ƙananan jajayen fitilu da ke kewaye da idonta sukan kama, hoton ya koma fari da baƙi, kuma a nan ne ta lalace. Bangon zaurenmu farar ƙasa aka shafa masa, kyamarar kuma tana manne da shi, sai hasken ya doki bangon ya dawo mata a ido. Idan na duba da safe abin da ta ɗauka, sai in ga ƙyaure ya buɗe, wani farin dunƙule ya shigo, idanu biyu suna ƙyalli kamar na akuya a gaban fitilar mota, ya duƙa, ya miƙe, ya fita. Ba ka sanin namiji ne ko mace, yaro ne ko tsoho. Na nuna wa Inna don ta ga irin cutar da mutumin Maraɗi ya yi mini. Ta kalla, ta kalla, sannan na ga kafaɗunta sun sauka.

"Ai ya yi," in ji ta. "A bar shi hakanan."

Da na ji maganarta da ba a kai ga wannan rubutun ba. Amma na gaya wa kaina cewa ba don buhu nake yi ba, don tsaro ne, idan mugu ya shigo fa, farin dunƙule zan kai wa jami'an tsaro? Wannan hujja ce mai kyau, kuma akwai gaskiya a cikinta, sai dai ba ita ce ta hau da ni tsani ba. Abu biyu ne. Na sayi kaya bai yi aikin da aka ce zai yi ba, raina ya ƙi kwanciya. Sannan ina so in san masu ɗibar geron nan, na daɗe ina so.

Na buga wa mai shagon waya. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ba ta lalace ba. Hasken ne ya yi mata yawa. Ka kauda ta ga bango, ka rage mata ƙarhi, za ka ga har gashin girar mutum." Ya bi da ni ta waya, domin rubutun da ke cikin allon duk Faransanci ne, ni kuwa Faransancina bai wuce na ciniki da gaisawa da 'yan duwan, wato kwastan, a kan iyaka ba. Sai ƙirga layi muka yi. Layi na huɗu, ka danna, ka sauka biyu, ka ga wani dogon zare mai ɗigo a ƙarshe, ka ja ɗigon baya.

Rana ta farko na hau na share saƙar gizo da ta lulluɓe mata ido, na goge gilashin da gefen rigata. Rana ta biyu na kwance ƙusoshin na juyar da ita daga bango, na yanko kwali na liƙa mata a gefe don ya tare hasken da ke dawowa. Abin ya ɗan yi sauƙi, dunƙulen ya fara yin kafaɗu. Rana ta uku na ce ba zan iya jiran dare kullum kafin in ga sakamako ba. Bayan azahar na rufe ƙofofin zauren duka biyu, na toshe kowace kafa da tsofaffin buhuna har wurin ya yi baƙi ƙirin, kyamarar ta ɗauka dare ne ta kunna jajayen fitilunta. Sannan na kira matata na ce ta shiga ta tsaya mini.

Ta yi mini tsiya sosai. Ta ce shekara goma sha takwas da aure ban taɓa cewa ta tsaya in kalle ta ba sai yau da na sayi abin kallo. Ta shiga duhun tana dariya, ni ina ɗaki gaban allo, muna magana ta taga da ɗaga murya.

"Ina zan tsaya?"

"Wajen buhu," na ce. "Nan ne mutum ke tsayawa."

Na dinga jan ɗigon nan baya kaɗan-kaɗan. Farin ya fara janyewa daga fuskarta, hanci ya fito, baki ya fito, har ɗan tabon da ke haɓarta. Idanun suka daina ƙyalli. Idan ta matsa wajen ƙofa sai ta dushe ta zama inuwa, don na rage ƙarfin hasken sosai, amma ban damu ba. Ta yi wa kyamarar gwalo, na gan shi sarai. Na fito ina jin kaina kamar wanda ya ƙera jirgi, da yamma kuma na je majalisarmu ta bakin titi na ba kowa labari, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Washegari bayan na dawo daga sallar asuba, na zauna gaban allon. Ban fara dubawa ni kaɗai ba, wannan yana cikin abubuwan da nake cizon yatsa a kansu. Na ƙwala wa matata kira ta zo ta ga aikin mijinta. Ta shigo da kwanon koko a hannu, ta tsaya a bayana. Na mayar da hoton baya har inda na ga ƙyaure ya motsa, na sake shi.

Wata doguwar inuwa ta shigo. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tuɓe takalmi, ta ajiye su gefe a jere, yadda mutum yake yi idan zai shiga gidan da yake ganin girmansa. Ta tako a hankali. Da ta iso wajen buhu sai hasken ya kama ta, ta zama mutum. Dattijo ne cikin babbar riga, da ɗan buhu a naɗe a hammata. Ya duƙa ya cika tiya, ya shafe bakinta da tafin hannu har ta yi daidai, bai tara mata kai ba. Ya juye. Ya tsaya kamar mai shawara da zuciyarsa, sannan ya ƙara rabi. Hannunsa yana cikin buhu ya ɗago kai, wataƙila jajayen fitilun ne suka ja idonsa, ya dubi kyamarar kai tsaye.

Mahaifin matata ne.

Wanda ba Bahaushe ba, da wuya ya gane nauyin wannan. Surukina ne. Idan na hango shi a hanya sai in sauka daga babur, in tuɓe takalmi in durƙusa, idona a ƙasa har ya wuce. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ci a gabana ba. Shekara goma sha takwas, muryarsa na sani da ƙafafunsa da bakin rigarsa. A wannan allon ne na fara ganin fuskarsa sosai, na ga ashe idanun matata nasa ne.

Ban juya ba. Na ji ta ajiye kwanon kokon a kan tebur a hankali, ko ɗigo bai zube ba. Hoton ya ci gaba, ya ɗaure bakin ɗan buhunsa, ya gyara wa namu zama, ya koma inuwa, ya sa takalmi, ya ja ƙyauren.

"Kashe," ta ce.

Na kashe.

Ya kamata in faɗi ko wane ne shi. Dillalin shanu ne a kara, aminin mahaifina tun suna samari, mutumin da idan ciniki ya rikice tsakanin Bafulatanin Nijar da mahaucin Katsina shi ake nema ya raba. Ba ya cin abinci a kasuwa, ba ya zama a majalisa, rigarsa kullum a wanke. Da aka rufe iyaka, shanu suka daina ƙetarowa ta hanyar da ya sani, shi kuma ba mutumin bin ɓarauniyar hanya ba ne. A daidai lokacin ne danginsa na wajen Farfaru suka gudo, mata da yara da tsofaffi, suka sauka a gidansa, bai mayar da kowa ba. Duk wannan na san shi. Ina wucewa ta ƙofar gidansa ina ganin takalman yara sun cika zaure. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me suke ci ba, don rigarsa tana nan fara kamar kullum. Shi kuma da ya buɗe baki ya tambayi mijin 'yarsa, gara masa ya kwana da yunwa. Buhun bayan ƙyaure ba nawa ba ne a wurinsa, na amininsa ne da ya rasu, kuma an ajiye shi ne don irin wannan ranar.

Da hantsi matata ta same ni a ɗaki. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta durƙusa kamar mai neman alfarma, abin da ba ta saba yi mini ba.

"Alhaji, abu guda nika roƙonka. Kada ka yi komi. Ba ka gani ba, ban gani ba. Ka maida abin nan yadda yake da."

Na ce to. Na je wurin Inna ina tsammanin zan ba ta labarin da zai girgiza ta. Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba.

"Wata nawa ina jin tahiyatai," ta ce. "Ni ban san shi ba ne? Kai dai ka kama bakinka, ka kama hannunka."

Bakin na kama. Hannun ne ya gagare ni. Kwana biyu ina juyi, ina cewa a raina yaya za a yi ina da sito cike da hatsi, uban matata yana tafiya cikin duhu saboda tiya ɗaya da rabi? Abin yana ci mini rai, kuma in na faɗi gaskiya, kunyata ce take ci na fiye da tausayinsa. Ina so in wanke kaina. Ranar Lahadi, ranar kasuwarmu, gari cike da mutane, na sa aka ɗora buhun gero biyu da na masara ɗaya a kan amalanke, na ce a kai gidan surukina a ce daga wurina. Ba salla ba, ba azumi ba, ba kaka ba, ba biki ba. A wurinmu irin wannan kyauta tana da lokacinta, idan ta zo ba a lokacinta ba kowa ya san akwai dalili. Na san haka sarai, amma na lallashi kaina cewa alheri ai alheri ne. Ko matata ban gaya wa ba.

Bai mayar da buhunan ba. Gidan cike yake da yara, ba shi da halin mayarwa, kuma ina jin wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Bayan la'asar aka ce ana sallama da ni. Na fito na tarar da shi tsaye a waje, bai shigo zauren ba. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Ya yi godiya doguwa, ya sa albarka, ya yi wa mahaifina addu'a. Muryarsa ba ta canza ba. Har na fara jin sanyi a raina, na ce ashe ma abin ya wuce lafiya. Sai daga inda nake na ga ƙafafunsa sun juya sun fuskanci ƙofar zauren.

"Alhaji," ya ce, "wanga abu da ka sa bisa, an ce da dare ba shi gane mutum."

"Haka ne da, Baba."

"Yanzu hwa?"

Ya ba ni hanya. Yau na gane cewa ya ba ni hanya. Da na ce har yanzu sai fari-fari kawai, da ya karɓa, ko bai yarda ba, mu duka mu rufa wa juna asiri mu ci gaba da zama. Amma na riga na cika majalisa da labarin gashin gira, na san ya ji ko zai ji, kuma harshena ya ƙi juyawa ya yi wa dattijon ƙarya.

"Yanzu tana gani, Baba."

"Ke nan ita ma yarinyar ta gani."

Na ƙara sunkuyar da kai.

"To madalla," ya ce. "Allah shi tsare gida." Ya juya ya tafi, ina durƙushe har ƙarar takalminsa ta ɓace.

A daren na hau tsani na mayar da kyamarar jikin bango, na ciro kwalin, na tura ɗigon nan har ƙarshe. Hoton ya koma farin dunƙule kamar da, sai dai babu dunƙulen da ya sake shigowa. Ba shi kaɗai ba, kowa ya daina. Labarin da na bayar a majalisa ya zaga unguwa, kuma ba yadda za ka bi gida-gida kana cewa ku dawo, na makantar da ita. Inna ta ci gaba da shafa wa ƙyaure mai. Kowace safiya takan je ta sa hannu a buhun ta ji ko ya ragu, ta dawo. Da damina ta shigo ƙwari suka kama geron, ta sa aka zuba wa kaji. Ta sake cika wani. Shi ma haka. Ba ta taɓa yi mini faɗa a kan wannan ba, ni kuwa da na fi son ta zage ni.

Surukina bai sake taka zaurenmu ba. Da matata ta haihu, ya aiko da goro, ya yi addu'ar suna daga masallaci ya wuce gida. Idan ta je gaishe shi yakan amsa daga cikin ɗaki, labule a sake, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya sallame ta. Ita ce 'yar da ya fi ji da ita, wadda a da yake ajiye wa tsire a aljihu ko bayan ta yi aure. Ya kasa haɗa ido da ita. Kafin kaka ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma wajen ƙanensa a wani ƙauye bayan Maraɗi, ya ce noma zai yi. Bai kai shekara biyu a can ba ya rasu. Saƙon ya zo mana bayan an riga an kai shi.

Matata ba ta taɓa cewa ni na jawo ba. Ta ci gaba da yi mini tsiya a kan kalanda da sauran shisshigina, amma ba ta sake tsokanata a kan kyamara ba ko sau ɗaya, kuma idan za ta fita takan bi ta zauren da sauri, kanta a ƙasa.

Bayan an yi sadakar arba'in, wata safiya ta shigo ɗakina ta rufe ƙofa. Ta ce ƙaramar 'yarmu ta tambaye ta kamannin kakanta, ta buɗe baki za ta faɗa sai ta ji fuskar tana gudu daga kanta. Ta aika Maraɗi, ta tambayi 'yan'uwanta, babu mai hotonsa. Bai taɓa yarda an ɗauke shi ba, na katin shaida kuwa ya tafi tare da takardunsa ba a san inda suke ba.

"Wancan," ta ce. "Kana da shi?"

Ina da shi. Na cire ɗan katin da kyamarar take ajiye hotuna a ciki tun ranar na sa a cikin akwati, ban sake kallo ba, ban kuma iya jefarwa ba. Na ɗauko na sa. Ta zauna a bakin gado, wannan karon ni ne a tsaye a bayanta.

"Ba duka nika so ba," ta ce. "Ka tsaida shi wajen ƙohwa, inda ya tuɓe takalmi. Kamar ya zo gaisuwa. Shi za ka cire mani in nuna mata."

Na tsayar. Inuwa ce kawai, doguwa, ba fuska. Na matsa gaba kaɗan, inuwa. Na ƙara haske a allon, na rage, na jawo hoton kusa har ya farfashe, na gwada wajen fitarsa. Na yi duk dabarar da na sani. Babu inda fuskarsa ta fito sai wuri ɗaya, inda na daidaita hasken da hannuna. Na kai wurin na tsayar, don ba ni da wani abin da zan ba ta. Ga shi nan, ya ɗago kai, idanunsa a kanmu, hannunsa cikin buhu har wuyan hannu.

Ta miƙa tafinta ta rufe rabin allon na ƙasa, ta bar fuskar kaɗai. Ta daɗe a haka. Na ce mata ana iya yanke hoton, a cire ƙasan, ba wanda zai sani.

"Ni na sani," ta ce. "Dubi idonai. Ya san an gan shi."

Ta janye hannunta, ta gyara mayafi ta miƙe.

"Goge shi, Alhaji. Zan ce mata dogo ne, mai farar riga."

Na goge tana tsaye.